Baƙin Allo Lokacin Tashin Kwamfuta: Ina Ainihin Matsalar Take?

Akwai wata cuta da ke damun tsofaffin kwamfutoci a Dogon Dutsi, Tibiri, Matankari, Kore Mairuwa da sauran garuruwan Arewa ta jihar Doso, wadda ake yawan yi wa gurguwar fassara. A kunna na'ura, tambarin kamfanin da ya ƙera ta ya fito sarai, HP ko Dell ko Lenovo, wataƙila har wasu rubuce-rubuce su gilma, sai kawai allo ya yi baƙi ƙirin. Fanka na juyawa, fitilar wuta na ci, amma babu hoto. Hukuncin da ake yankewa nan take bai wuce uku ba: ko allo ya mutu, ko birus ya shiga, ko kuma Linux ɗin da aka sa mata ne ya lalata ta. Daga nan sai a aika neman sabon allo a Yamai ko Sakkwato, ko a jingine na'urar a kusurwar ofis ƙura ta rufe ta.

Sau da yawa babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya faru. Allon da ya nuna tambari daƙiƙa goma da suka wuce bai mutu ba. Abin da ya lalace wata miƙa ragama ce da ake yi a ɓoye tsakanin manhajoji, a ƴan daƙiƙoƙin farko na tashin na'ura. Wannan sharhi zai bi ta kan wannan gaɓa a tsarin Linux, domin a can ne abin yake a buɗe, kowa na iya karanta umarnin da ke gudana.

## Kalmomin da sai an warware su

Linux tsarin tafiyar da kwamfuta ne, kishiyar Windows, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Zuciyarsa ita ake kira kenel, wato manhajar da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura. Wanda yake ganin bai taɓa taɓa Linux ba ya duba aljihunsa: duk wayar Android, Tecno ce ko Itel ko Infinix, kenel ɗin Linux ne a cikinta.

Direba, wanda masu Faransanci ke cewa pilote, ba tuƙi yake yi ba, tafinta ne. Kowane sashe na kwamfuta yana da nasa yaren, direba ke fassara tsakaninsa da kenel. Ana iya ɗinke direba a jikin kenel tun daga tushe, ana kuma iya ajiye shi daban a matsayin modul, wato guntu da ake ɗorawa idan buƙatarsa ta taso. Umarnin da ke ɗora shi sunansa modprobe.

Sai babbar kalmar, framebuffer, wadda za mu kira ma'ajin hoto. Wani yanki ne na ƙwaƙwalwar na'ura inda ake rubuta launin kowane ɗigo na allo, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai ɗinkin hula ke bin zane allura bayan allura. Allo mai ɗigo 1024 a kwance da 768 a tsaye yana da ɗigo 786,432. In kowane ɗigo ya ci bayit 4, hoto ɗaya ya cinye megabayit 3. Katin hoto yana karanta wannan ma'aji kamar sau 60 a daƙiƙa yana zubawa a allo. Duk abin da aka rubuta a ciki shi ido zai gani, in ba a rubuta komai ba, ko katin yana karanta wani wuri daban, sai duhu. A Linux wannan ma'aji yana da ƙofa mai suna /dev/fb0.

Ta ƙarshe ita ce takardar umarni. Shel shi ne manhajar da ke karɓar umarnin da mutum ya buga ta aiwatar. In aka jera umarnin a fayil guda domin shel ya bi su layi-layi ba tare da kowa ya zauna yana bugawa ba, an sami takardar umarni. Rubutu ne zalla, ana iya buɗe shi a karanta kamar wasiƙa.

## Hannu uku da allo ke bi

Daga danna maɓallin wuta zuwa fitowar teburin aiki, allo yana sauya hannu aƙalla sau biyu.

Na farko da ke riƙe shi ita ce manhajar da kamfani ya dasa a jikin na'ura, BIOS a tsofaffi, UEFI a na baya-bayan nan. Ita ke nuna tambari. Tana shirya wani ma'ajin hoto mai sauƙi, ta bar wa mai tayar da tsari, wanda a yawancin Linux sunansa GRUB, ya zana jerin zaɓinsa a kai.

Na biyu shi ne kenel da kansa da zarar ya farka. A lokacin bai san wane irin katin hoto ke cikin na'urar ba, don haka sai ya gaji ma'ajin da aka bar masa ya ci gaba da rubutu a ciki da direban gama-gari: vesafb a na'urorin BIOS, efifb a na UEFI, ko simpledrm a sababbin tsare-tsare. Waɗannan ƴan riƙon ƙwarya ne. Ba su iya sauya girman hoto, ba su san saurin katin ba, ba su iya kula da allo na biyu.

Na uku shi ne direban asali na katin: i915 ga Intel, radeon ga tsofaffin katunan ATI da AMD, amdgpu ga sababbinsu, nouveau ko nvidia ga katunan Nvidia. Kuma a nan ne gizo ke saƙa. Direba biyu ba sa riƙe kati ɗaya a lokaci guda, saboda haka kafin na asali ya zauna sai kenel ya sallami ɗan riƙon ƙwarya. In na asalin ya zauna lafiya, allo ya ɗan ƙifta, hoto ya dawo da kyau fiye da da. In kuwa ya yi tuntuɓe, an riga an sallami wancan, wannan bai kama ba. An saki reshe, ganye ma ba a kama ba. Na'urar na iya ci gaba da tashi har ƙarshe, tana jiran a shigar da kalmar sirri, mai ita dai ba ya ganin komai.

## Jakar guzuri da takardun da ke cikinta

Akwai wata sarƙaƙiya a farkon tashi. Direbobi suna kan faifan ajiya, amma kenel na buƙatar direba kafin ya iya karanta faifan. Mabuɗin ɗaki ne aka kulle a cikin ɗakin. Maganin da aka samo shi ne initramfs, wanda za mu kira jakar guzuri: ƙaramin ƙunshi da GRUB ke miƙa wa kenel tare da shi, ɗauke da direbobin da ba makawa sai da su, da ɗan ƙaramin shel, da takardun umarni. Da wannan guzuri kenel ke tafiya har ya isa faifan ya buɗe babban tsari.

A Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, da ƴaƴanta, irin su Ubuntu da Linux Mint, kayan aikin da aka daɗe ana ɗinka jakar da su sunansu initramfs-tools, kuma kusan gaba ɗayansu takardun umarni ne. An kasa su mataki-mataki. Matakin farko shi ne init-top, kuma a nan Ubuntu ta shafe shekaru tana ajiye wata takarda mai suna framebuffer. Aikinta ba shi da yawa. Tana karanta layin umarnin da GRUB ya ba kenel, wanda ke /proc/cmdline, ta duba ko an rubuta video= da sunan wani direba, ta raba sunan da zaɓuɓɓukan da ke biye da shi, sannan ta kira modprobe ya ɗora shi. Nufin shi ne allo ya kasance a shirye kafin hoton maraba ya fito, hoton da manhajar Plymouth ke zanawa, wadda ta fara bayyana a wani nau'in Linux, Fedora 10, a 2008, Ubuntu ta ɗauke ta a 2010.

Hoton maraba ado ne, ana iya rayuwa ba shi. Amma akwai inda ɗora direba da wuri ya zama dole. In faifan a kulle yake da kalmar sirri, ana tambayar kalmar tun a cikin jakar guzuri, kuma ba a amsa tambayar da ba a gani ba. Haka in faifan ya sami matsala, saƙon da zai faɗi abin da ya faru a wannan matakin yake fitowa.

Mai gyara na iya rubuta tasa takardar ya ajiye a /etc/initramfs-tools/scripts/init-top, amma ramuka huɗu ke gabansa, kuma su ne suka fi kayar da masu koyo. Na ɗaya, ana kiran takardar tun lokacin ɗinka jakar da kalmar prereqs domin a ji wa take so ya riga ta. Takardar da ba ta tanadi wannan amsa a samanta ba za ta zarce ta aiwatar da aikinta a lokacin da ba nata ba. Na biyu, sai an ba ta izinin gudana da chmod, in ba haka ba a tsallake ta. Na uku, shel ɗin da ke cikin jakar ƙarami ne, yawanci na busybox, ba ya jin duk salon bash, shel ɗin da aka saba da shi a babban tsari, don haka umarnin da ya yi aiki a babban tsari na iya ƙi a can. Na huɗu shi ne mafi yawa: takarda ta ce a ɗora direba, alhali ba a saka direban a jakar ba. An aiki yaro ɗebo ruwa, an manta ba shi guga.

Shi ya sa ga mafi yawan na'urori ba a buƙatar rubuta komai. Ya isa a buɗe /etc/initramfs-tools/modules, a rubuta sunan direban a layinsa, misali i915, sannan a buga update-initramfs -u domin a sake ɗinka jakar. Wanda ya gyara fayil bai sake ɗinki ba bai yi komai ba, tsohuwar jakar ce za ta ci gaba da tafiya. A Arch Linux mai ɗinkin sunansa mkinitcpio, a Fedora dracut, suna ya bambanta amma dabarar ɗaya ce.

## Yadda aka zo nan

Tsarin ma'ajin hoto na Linux, fbdev, ya samo asali ne daga na'urori irin su Amiga da Atari waɗanda ba su da yanayin rubutu zalla kamar kwamfutocin IBM, ya shiga babban kenel a ƙarshen shekarun 1990. A wancan zamani ana zaɓar girman hoto da lamba, kamar vga=791 da ke nufin 1024 da 768. Daga baya aka sami uvesafb a kenel 2.6.24 a farkon 2008, wanda ke buƙatar wata manhaja mai taimaka masa, v86d, a cikin jakar guzuri. Babban sauyi ya zo a 2009 da kenel 2.6.29, lokacin da aka fara tsarin KMS, inda kenel da kansa ke saita allo maimakon ya bar wa manhajar tebur. A 2021 simpledrm ya shiga kenel 5.14, a 2022 Fedora 36 ta maye gurbin tsofaffin direbobin fbdev da shi.

Amfanin wannan tarihi ga mai gyara a Dogon Dutsi guda ne: intanet ba ta share tsohuwar shawara. Wanda ya nemi maganin baƙin allo zai tarar da bayanin 2008 kusa da na bara, babu mai ce masa wannan ya tsufa. Sanya vga=791 ko uvesafb a na'urar da ke tafiya da KMS ba ya warkar da komai, wani lokaci ma shi ke haddasa rigimar direba biyu a kan kati ɗaya.

## Me ya sa abin ya fi yawa a irin wannan yanki

Dalili na farko shekarun na'urorin ne. Kwamfutocin da ke makarantu, ofisoshin magajin gari, gidajen rediyon al'umma da shagunan buga takardu galibi na hannu ne, sun yi aiki a Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kwatano ko Lome, ko su tsallako daga kasuwannin Najeriya. Katunan Intel na cikinsu yawanci ba su da rigima. Masu rigimar su ne na SiS da VIA, da Intel GMA 500 na wasu ƙananan laftof, da tsofaffin Nvidia. Kamfanin Nvidia ya daina kula da jerin direbansa na 340 a ƙarshen 2019, na 390 kuma a ƙarshen 2022, saboda haka ɗora su a kan sabon kenel neman magana ne. Ga irin waɗannan katunan na Nvidia, nouveau ya fi aminci ko da bai kai su sauri ba.

Na biyu wuta ce. Nijar ta daɗe tana sayen kaso mafi tsoka na lantarkinta daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har sai da aka ɗage takunkumi a farkon 2024. Ko a lokacin lafiya ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce, ga batirin tsohuwar laftof ba ya riƙe caji. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta tsari, ana iya wayar gari da sabon kenel wanda direban hotonsa bai gama haɗuwa ba. Na'ura ta tashi da sabon kenel, ta nemi direba, babu.

Na uku tsadar intanet. Katunan AMD da wasu na Intel da Nvidia suna buƙatar ƙananan fayilolin kamfani, waɗanda ake kira famwaya, kafin direba ya iya tayar da su. Debian ta shafe shekaru ba ta saka su a faifan shigarwarta na hukuma, saboda ba a buɗe suke ba. Sai bayan ƙuri'ar da masu aikinta suka kaɗa a 2022 aka sauya, Debian 12 ta fito da su a Yunin 2023. Wanda ya shigar da tsohon bugu daga kebul ɗin ajiya a ƙauyen da babu intanet, ya sami direba ba tare da famwayarsa ba.

Kada dai a ɗora wa manhaja komai. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna toshe fanka su gasa katin hoto, wayar da ta ratsa maƙogwaron laftof zuwa allo tana tsinkewa, fitilar bayan allo tana mutuwa. Wasu katunan Nvidia na jerin 8400M da 8600M ma da aibinsu suka fito daga masana'anta, kamfanin ya amsa matsalar a 2008.

## Inda masana suka rabu

Saɓani na farko a kan lokaci ne. Wasu na ganin a ɗora direban asali tun a jakar guzuri, domin allo ya zauna sau ɗaya, babu ƙifce-ƙifce. Wasu na cewa a bar ɗan riƙon ƙwarya ya kai tafiyar har faifai ya buɗe, domin direbobin zamani da famwayarsu sun yi nauyi, suna kumbura jakar, su jinkirta tashi, su cika ɗan wurin da aka ware wa /boot, inda ake ajiye jakar. Duka biyun suna da hujja. Ga tsohuwar na'ura mai katin Intel, ɗorawa da wuri ba ta da tsada. Ga mai sabon katin Nvidia ko AMD, maganar nauyi gaskiya ce.

Na biyu a kan takardun umarni ne su kansu. Masu goyon bayansu na cewa rubutu ne da kowa ke iya karantawa ya gyara, ko a inda babu intanet babu kamfani. Masu suka na cewa manhajar udev ta riga ta iya gane kati ta ɗora masa direba da kanta, takardar hannu kuwa tana zama tarko ran da aka sauya kati ko aka sabunta tsari, bayan wanda ya rubuta ta ya bar garin. A nan masu sukar sun fi kusa da gaskiya. Takardar hannu ta dace da na'urar da ta ƙi jin magana, ba kowace na'ura ba, kuma duk wanda ya rubuta ta ya kamata ya bar bayani a samanta.

Na uku shi ne makomar fbdev. Masu kula da kenel da dama na son a tattara komai a sabon tsari, musamman bayan kurakuran tsaro da aka gano, waɗanda suka sa aka cire ja da baya a allon rubutu a 2020. Wasu kuma na tsayawa kan cewa akwai tsofaffin katunan da ba su da wani direba sai na fbdev. Wani daga cikin masu aikin kenel, Helge Deller, ya karɓi kula da sashen a farkon 2022. Masu muhawarar suna Turai da Amurka, amma na'urorin da ake magana a kansu da yawa sun riga sun sauka a Afirka.

## Rarrabe mataccen allo da ɓataccen direba

Gwajin ba ya buƙatar sukudireba. In tambari ko jerin GRUB ya fito, allo na da rai. In bai fito ba, a haska tocila a jikin gilashin, ganin inuwar rubutu na nufin fitilar baya ce ta mutu. A kuma gwada wani allo ta VGA ko HDMI.

In an tabbatar allo lafiya yake, a riƙe Shift lokacin tashi, ko a danna Esc a na'urar UEFI, domin GRUB ya bayyana. A fara da zaɓar tsohon kenel daga jerin, wannan kaɗai na warware matsalar da ɗaukewar wuta ta jawo, sannan a ƙarasa sabuntawar da dpkg --configure -a. In bai yi ba, a danna e, a nemi layin da ya fara da linux, a goge quiet splash domin saƙonni su fito fili, a rubuta nomodeset, a danna F10. Wannan kalma na hana direban asali karɓar ragama, sai ɗan riƙon ƙwarya ya ci gaba. Ga wani abin lura ga na'urorin Nijar masu maɓallan Faransa: GRUB yana ɗaukar maɓallan a tsarin Amurka, don haka harafin m yana kan maɓallin waƙafi da ke kusa da n, ba inda aka zana shi ba.

Da zarar hoto ya dawo, lspci -k zai nuna sunan kati da direban da ke riƙe da shi, dmesg kuma zai faɗi inda aka yi tuntuɓe, har da sunan famwayar da aka nema aka rasa. Amma nomodeset sanda ce ta mai karaya, ba ƙafa ba. Wanda ya bar ta dindindin zai zauna da hoto a miƙe ko a daddaɓe, bidiyo na sarƙewa, hasken allo ba ya raguwa, batir na saurin ƙarewa.

## Abin da ke tafe

Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma na neman kayan da yawancin tsofaffin na'urori ba su da su. Wannan zai ƙara yawan na hannu da ke kwararowa, ya kuma tura wasu masu su zuwa Linux. Akwai ma tsarin da aka gina musamman don farfaɗo da irinsu, kamar Emmabuntüs na Faransa, wanda aka yi amfani da shi a ɗakunan kwamfuta na makarantu a Togo. Sai dai ita ma ƙofar Linux tana ƙuntata: Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta da kenel na kwamfutocin Intel da AMD masu bit 32. Mafi tsufan cikinsu kwanansu ya kusa, amma masu bit 64, waɗanda su ne mafi rinjaye a kasuwa yanzu, suna da sauran shekaru a gaba.

Ga shugabannin makarantu da na ofisoshi a Dogon Dutsi da Tibiri: kafin a sa hannu a takardar sayen sabon allo, ko a rubuta cewa na'ura ta mutu, a tambayi mai gyara ko tambari yana fitowa, kuma ko ya gwada tsohon kenel da nomodeset. Gwajin ba ya cin minti biyar.